Dambe, kokawa da karate: wanne ne ke aiki in faɗa ya zama na gaske?

Nura Fagge: Assalamu alaikum. Tambaya ce da ni ga masu abin. Yara da yawa yanzu suna shiga ajin karate da tekwando, wasu kuma suna bin gidan dambe, galibi saboda ƙwacen wayar nan da ya addabi gari. Wanda ya shekara uku yana irin wannan horo, in aka tare shi a lungu, abin da ya koya zai fisshe shi kuwa? Ko duk wasan fili ne? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, ban da cika baki.

Koci Bala: Wa'alaikumus salam. Nura, ajiye sunan wasan tukuna. Je ka wurin horon ka zauna ka duba abu ɗaya: sau nawa a mako ake haɗa yaro da wanda yake neman dukansa da gaske, kuma ba ya yarda a doke shi? In amsar ita ce ba a yi, to shekara uku ko goma duk ɗaya ne.

Abu uku ne ba sa samuwa sai ta haka. Na farko tazara, wato ka san daidai inda hannun mutum zai kai da inda ba zai kai ba, ka tsaya taku guda bayan wurin. Na biyu lokaci. Daga ido ya ga abu zuwa jiki ya motsa, kusan rubu'in sakan ne ga yawancin mutane, naushin da aka sako daga kusa kuwa ba ya wuce hakan. Ke nan wanda ya jira sai ya ga dunƙule ya taso sannan ya kare, ya makara. Ƙwararre kafaɗa yake karantawa da yadda nauyi ya koma kan ƙafa ɗaya, tun hannun bai bar wurinsa ba. Na uku, me jikinka zai yi bayan naushi ya sauka a hancinka? Wanda bai saba ba yana runtse ido, ya juya baya, ya riƙe numfashi. Cikin sakan talatin ya gaji tiɓis, ba don ba shi da ƙarfi ba, don dai bai yi numfashi ba.

Naushin iska da fasa katako ba sa koyar da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Malam Iliya: Koci, na san karate kake nufi ko da ba ka kira suna ba. Bari in kare gidanmu. Kata, wato jerin motsin nan da ake yi mutum shi kaɗai, ba a ƙirƙiro ta don ta maye gurbin karawa ba. A Okinawa, tsibirin Japan da karate ta samo asali, hanya ce ta adana darasi, sannan malami ya warware wa ɗalibi ma'anar kowane motsi da abokin gwaji. Ɗauki hannun nan da ake ja zuwa ƙugu yayin da ɗayan ke naushi, wanda 'yan boksin ke yi mana dariya a kansa. Asalinsa ba hannu ne wofi ba. Ka cafko hannun riga ko tsintsiyar hannun mutum ne, kana jawo shi cikin naushin. Da Gichin Funakoshi ya kai karate Tokyo a 1922 ta shiga jami'o'i, aka koma koyar da mutane da yawa a layi, malami ɗaya a gaba yana ƙirga. Motsin yana nan, abin da ke cikin hannun ya ɓace. Yaro ya taso yana sauke hannu daga fuskarsa ba tare da ya riƙo komai ba, haɓarsa a fili. Wannan laifin koyarwa ne.

Kuma Lyoto Machida, ɗan karate salon Shotokan ne tun yana ƙarami, ya ci kambun UFC, gasar faɗan da ake haɗa salo daban-daban, a 2009 da irin shiga da fitar nan ta karate.

Koci Bala: Gaskiya ne Malam, amma a faɗi sauran. Machida ya yi sumo, ya yi jiu-jitsu ta Burazil, ya shekara da shekaru yana karawa da masu neman kai shi ƙasa. Karatensa ta yi aiki ne bayan an gasa ta. Nawa ne cikin ajujuwan da Nura yake magana a kai suke haka?

Malam Iliya: Kaɗan ne, ban musa ba. Ko karaten Kyokushin ta Mas Oyama, wadda ake dukan gaske ba safar hannu, ta hana naushi a fuska a gasarta. Za ka ga mutum cikinsa da cinyarsa sun jure komai, amma yana tsayawa ƙirji da ƙirji hannuwa a ƙasa, don ba a taɓa hukunta shi a kan haka ba. Tekwando ta Olamfik ma haka, shuri a ka halal ne, naushi a ka haramun. Ba wanda zai raina Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar da ya ci azurfa a Rio a 2016, ko Chika Chukwumerije da ya kawo wa Najeriya tagulla daga Beijing a 2008. Ƙafar irin waɗannan in ta same ka sai asibiti. Amma shuri a ka yana son fili, da wando mai sakewa, da ƙasa mai riƙe ƙafa. A lungu mai kwata, da silifas, ɗaga ƙafa sama da ƙugu neman faɗuwa ne.

Baba Audu: Yara kuna ta zuwa Japan, ga abu a ƙofar gidanku. Duk sharaɗin da Koci ya kafa, dambe ya cika shi tun kafin a haifi kakanninmu. Ɗan dambe ba ya da naushin iska. Ranar da ya sa zare, ranar zai ji abin da ake ji. Mahauta suka riƙe shi, bayan kaka a bi gari gari, yau kuma ga shi kullum a gidajen dambe a Kano da Dei-Dei da sauran wurare, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada suna karawa.

Ga wanda bai sani ba, hannu ɗaya ake naɗewa, a sa ƙyalle a dunƙule sannan a bi shi da zare tam har tsintsiyar hannu. Shi ne mashi. Ɗayan a buɗe yake a gaba, shi ne garkuwa, da shi ake auna tazara, a tokare, a danne hannun abokin karawa, a rufe masa ido. Ana kai shuri da ƙafa. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, in ba haka ba a tashi babu kisa. A da ma ba ruwan kowa da nauyi, ƙarami yana iya neman babba in zuciyarsa ta ba shi.

To yaron da ya saba tsayawa gaban ƙato, kalangu na tashi, jama'a na ihu, ya san kuskure ɗaya zai kwantar da shi a gaban kowa, kana ganin ihun ɗan daba zai sa gwiwarsa ta yi sanyi?

Koci Bala: Baba, Allah ya ƙara girma. Ta wajen zuciya da tazara ba ni da ja. Ɗan dambe ya fi mai baƙar ɗamarar karate da bai taɓa shan naushi ba, nesa ba kusa ba. Amma a ba ni dama in faɗi ramukan, don kowace doka ta wasa tana barin rami.

Tsayuwar dambe a karkace take sosai, ƙafafu a ware, mashi can baya. Tana da kyau in mutum ɗaya ne a gabanka kuma ka san da wane hannu zai kawo duka. Naushin yana tahowa ne daga nesa, ya zagayo, shi ya sa yake da nauyi, shi ya sa kuma ake ganinsa. Mai naushi miƙaƙƙe da hannun gaba zai riga shi isa sau biyu. Sannan garkuwa ba ta saba naushi ba, ke nan rabin makaminsa a ajiye yake. Idon ɗan dambe kuma ya saba tsaron hannu ɗaya, wanda aka naɗe. A titi hannu biyu ne, da kai, da gwiwa.

Babban ramin shi ne kisa. A fili, da mutum ya taɓa ƙasa an gama, a raba, a ɗaga hannu. Jiki yana koyon wannan tsayawar. A waje kuwa wanda ya faɗi yana iya kamo ƙafarka, ko ya tashi da dutse. In kai ne a ƙasa, dambe bai koya maka yadda za ka tashi ana shurinka ba, don a dambe ba a dukan wanda ya faɗi.

Baba Audu: Ramin ƙarshen nan na yarda da shi. Na tsayuwa kuwa, ka je ka kalli manyan 'yan wasa da kyau. Garkuwar da kake cewa a ajiye take, ita ke hana miƙaƙƙen naushin naka fitowa. Ba a banza ake ɗora ta a kan hannun mutum ba.

Dakta Hadiza: Baba, ina neman afuwa in shigo da maganar zaren, don akwai abin da ba a faɗa ba. Zaren nan ba makami kaɗai ba ne, kariya ce ga mai shi. Yana matse ƙasusuwan bayan hannu wuri guda, ya hana tsintsiyar hannu lanƙwashewa. Haka bandeji da safar boksin suke yi. Cire su, ka sa mutum ya kai naushi da duk ƙarfin da ya saba, ya samu goshi maimakon haɓa. Ƙashin goshi ya fi na hannu kauri. Abin da ke karyewa shi ne wuyan ƙashin bayan hannu da ke bin ƙaramin yatsa, musamman in naushin zagayowa ya yi, don gefen nan ne ke fara sauka. Alamarsa kumburi, kuma in ya dunƙule hannu sai a ga tudun ƙaramin yatsan ya nutse. Sati huɗu zuwa shida kafin ya haɗe, in bai goce sosai ba.

Wanda ya fi wannan haɗari ƙarami ne a ido: naushi ya samu haƙori, fata ta tsage a kan gaɓar yatsa. Rauni ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma haƙorin yana iya huda har cikin gaɓa ya bar ƙwayoyin cutar baki. Da mutum ya buɗe hannu, jijiya ta ja baya ta rufe hanyar, dattin ya kulle a ciki. Kwana ɗaya zuwa uku hannu ya haye. Kada a ɗinke shi a kemis, kada a ɗaure a manta. A wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a je asibiti a ranar, a gaya wa likita gaskiya cewa haƙori ne, don maganin da za a bayar ya bambanta.

Malam Iliya: Shi ya sa tsofaffin malamai ke cewa wuri mai tauri a doke shi da tafin hannu, wuri mai laushi da dunƙule. Gindin tafi a haɓa ko a hanci ba ya karya maka yatsa.

Mamane Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Kun manta da kokowa, alhali yawancin rigimar da ake yi a kasuwa ko tasha ba da naushi take farawa ba, da cin kwala take farawa. Mutum ya cakumi wuyan rigarka, ku manne. A nan ɗan dambe da ɗan tekwando duk sun rasa tazararsu, ɗan kokowa kuwa gida ya zo.

Mu a Nijar tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa wadda zakara ke cin takobi, an fara a Tawa, jihohi suna karɓa bi da bi, kuma duk wanda ya kalli irin su Issaka Issaka na Doso ya san abin ba ƙarfi kaɗai ba ne. Abin da ɗan kokowa yake da shi: ƙugunsa kullum ƙasa da na abokin karawa, hannuwansa suna neman shiga ƙarƙashin hammata, kansa a manne da ƙirji ko gefen wuya, ba ya bari ƙafafunsa su haɗu wuri ɗaya. Yana jin inda nauyin mutum ya karkata ta hannunsa, ba sai ya gani ba. In ya ja ka ka turje, ya bi turjiyar ya sa taɗiya. Kuma duk wannan da cikakken ƙarfi ake koyonsa kullum, don kokowa ba ta buƙatar a rage ƙarfi kamar naushi.

Raminmu mu ma a bayyane yake. Ba a duka, saboda haka ɗan kokowa yana shigowa da kai a gaba, a sunkuye, hannuwa a miƙe. Gwiwa ɗaya ko naushi daga ƙasa ya ishe shi. 'Yan Senegal da ke haɗa tasu da naushi sun rage wannan matsala. Mu kuma da an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, kamar dambe.

Shamsu: Ai an riga an yi gwajin nan kowa ya gani. UFC ta farko, Nuwamba 1993 a Denver ta Amurka, mutum takwas, kowa da salonsa, ba ajin nauyi. Royce Gracie, ɗan jiu-jitsu mai kilo kusan 80, ya cinye, duk ta hanyar kai mutum ƙasa. Ɗan boksin ɗin da ya fara karawa da shi, Art Jimmerson, da safa ɗaya ya shigo, sai ka ce ɗan Guramada, bai kai naushi ko ɗaya mai amfani ba ya sallama. Sannan a 2017 a Chengdu ta ƙasar Sin, Xu Xiaodong, ɗan faɗan haɗin salo da ake kira MMA, ya gama da wani malamin tai chi, wasan gargajiyar Sin, mai suna Wei Lei cikin abin da bai kai rabin minti ba. Kamaru Usman ma da kokawar jami'a ya hau har ya ci kambun UFC a 2019. Magana ta ƙare, na gargajiya ba ya aiki.

Malam Iliya: Ƙanena, yi a hankali. Yayan Royce, wato Rorion, yana cikin waɗanda suka shirya gasar, kuma sun san sauran ba su san komai a ƙasa ba. Wannan bai rage masa nasara ba, amma mutum ɗaya ne da ɗaya, ba wuƙa, ba abokai, ba kwalta. Sannan jiu-jitsun nasu daga judo ta fito, judo kuma daga tsohuwar jujutsu. Abin da Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, ya yi a 1882 shi ne ya ware dabarun da ba a iya gwada su da ƙarfi, irin su tsokane ido, ya bar waɗanda za a iya yi da cikakken ƙarfi kullum ba a nakasa juna ba. Damben Tailan ma na gargajiya ne, da kiɗansa da rawar gaisuwarsa, har igiya suke naɗawa a hannu kafin safa ta shigo musu, kuma ba wanda ya ce ba ya aiki. Wei Lei ba tsufan salonsa ne ya kayar da shi ba. Bai saba a kawo masa naushi da niyya ba ne.

Shamsu: To ai maganar Koci ce ka dawo da ita.

Malam Iliya: Ita ce. Inda muka rabu da shi, shi yana ganin kata ɓata lokaci ce, ni ina ganin kashi ɗaya ce cikin huɗu na horo, matuƙar sauran ukun suna nan.

Dakta Hadiza: Malam Mamane, kayen da kuke yi a kan yashi ne. A kan kwalta ko siminti, abin da ke kashe mutane a faɗa sau da yawa ba naushin ba ne, faɗuwar ce. Naushi a haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza, mutum ya sume tun yana tsaye, ya tafi ƙasa ba hannun da zai tare, ƙeya ta bugi daɓe. Wani zai farfaɗo ya yi magana lafiya lau, jini kuwa yana taruwa a cikin ƙoƙon kai, bayan 'yan sa'o'i ya fara amai, ciwon kai ya tsananta, barci ya rinjaye shi. Duk wanda ya suma bayan bugun kai, ko na sakan biyar ne, asibiti za a kai shi, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Shaƙewa ma haka: in aka matse jijiyoyin gefen wuya, wajen sakan goma mutum ya tafi, wanda bai san ya saki ba kuma ya yi kisan kai.

Nura Fagge: Na gode ƙwarai. Amma fa masu ƙwacen nan da wuƙa suke zuwa, kuma ba ɗaya ba ne.

Koci Bala: A nan ba dambe, ba karate, ba MMA. Duk mai koya maka ƙwace wuƙa, ka ce a yi wannan gwaji: ka sa tsohuwar farar riga, a ba wani yaro maka mai jan tawada, a ce masa ya zane ka iya son ransa na sakan goma sha biyar, ba sara ɗaya ya tsaya ba. Ƙirga layukan da ke jikin rigar da hannuwanka bayan an gama. Dabarar aji tana aiki ne don mai wuƙar yana kawo suka ɗaya daga nesa ya bar hannunsa a miƙe. Na gaske yana riƙe rigarka da hannu ɗaya, ɗayan yana shiga yana fita a gajarce, sau da yawa ma ba ka ga wuƙar ba. Wani mai horar da 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, cikin sakan ɗaya da rabi.

In su biyu ne ko uku, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mafi munin abin da za ka yi shi ne ka kai ɗaya ƙasa ka bi shi, don kanka ya zo daidai ƙafar sauran. Miƙa wayar. In ba waya suke so ba, kai suke so, to kada ka bari su sa ka a tsakiya, matsa gefe su zama a layi ɗaya, ture na kusa, sannan ƙafa me na ci ban ba ki ba, ka nufi inda haske da mutane suke. Amfanin horo a nan shi ne numfashin gudun mita ɗari biyu da kuma rashin daskarewa.

Shamsu: Sai dai a nemi na tauri ke nan, Baba.

Baba Audu: Kai yaro, bar wannan. Wasan 'yan tauri a fili daban, mai wasa shi ke riƙe da wuƙarsa ya san yadda yake jan ta. Kada wani ya sha abu ya je ya tsaya gaban wuƙar da ke hannun wani.

Barista Sani: Ƙarin bayani ta fuskar doka. Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta amince mutum ya kare kansa da dukiyarsa, amma da sharaɗin kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Da haɗarin ya gushe, haƙƙin ya gushe. Wanda ya faɗi ka ci gaba da shurinsa, ko ya juya yana gudu ka bi shi, kotu ba za ta kira wannan kare kai ba. Faɗan da ku biyu kuka amince ku fita waje ku gwada ma ba ya cikin wannan kariya.

Maman Ikram: Ni tambayata ta yara ce, mace mai shekara 12 da namiji mai 9. Wanne za a sa su, kuma me zan duba?

Koci Bala: Hajiya, judo ko kokawa tukuna, in akwai mai koyarwa mace ga yarinyar ya fi. Watannin farko faɗuwa za a koya musu: haɓa a manne da ƙirji, baya a lanƙwashe, a bugi katifa da dukan hannu, kada a tokare da tafi, don tokarewar ke karya tsintsiyar hannu. Sai kuɓucewa daga riƙo, a murɗa hannu ta wajen babban yatsan mai riƙon, nan ne riƙo ya fi rauni, a ja da dukan jiki ba da hannu kaɗai ba. Sai tashi daga ƙasa: hannu ɗaya a ƙasa ta baya, ɗaya yana kare fuska, a janye ƙafa ta ƙarƙashin jiki a miƙe ana ja da baya. Kwana biyu ko uku a mako, awa ɗaya, ya isa.

Ki duba ko akwai katifa ta gaske ba tabarma a kan siminti ba, ko ana haɗa yara daidai nauyinsu, ko ana barin iyaye su zauna su kalla. Wurin da ake sayar da ɗamara duk wata biyu, ki wuce. Ki sani kuma judon gasa ta hana kama ƙafa da hannu tun 2013, saboda haka ki tambayi malamin ko yana koya musu kare kamun ƙafa duk da haka.

Malam Iliya: Naushi fa, Koci? Kai da ka ce sai an sha shi ake koyo.

Koci Bala: Ga manya na faɗa. Su ma da safa mai auns 16, da robar haƙori, ƙarfi rabi, zagaye uku na minti biyu, sau ɗaya a mako. Yaro ɗan shekara tara ya doki fad, wato matashin da koci ke riƙewa, da buhu, a yi karawa a jiki kawai.

Dakta Hadiza: Hular kariyar kai da ake sawa a karawa ma kada ta ruɗi kowa, tsagewar fata take ragewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. Hajiya, in yaro ya bugu a kai ya ce yana jin jiri ko haske na damunsa, ya bar horo a ranar, kuma ba zai koma karawa ba sai alamun sun ɗauke gaba ɗaya likita ya duba shi, ko da malamin ya ce ba komai.